Tolget a hanyar Kano zuwa Katsina: zai sa mu riƙa isa da wuri kuwa?

Wani ɗan kasuwa daga Katsina, wanda ke saro kaya a Kantin Kwari da Singa, ya aiko da tambaya. Ya ce mako ba ya wucewa bai hau hanyar Kano ba, kuma yana jin raɗe-raɗin cewa idan an gama tagwaita hanyar za a kafa tolget a riƙa karɓar kuɗi. Yana son ya san ko biyan kuɗin zai sa a riƙa isa da wuri, cunkoso ya ragu, ko kuwa wani haraji ne kawai za a ƙara wa mutane a bar su da wahalarsu.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tambayarka ta faɗo cikin aikina, domin ƙidayar motoci da tsara hanyoyi shi ne abin da na karanta, kuma da shi nake ci. Tafiyar za ta ragu, wannan ba na ko shakka. Sai dai hanyar ce za ta rage ta. Shi tolget aikinsa ya tara kuɗin gyara, ya kuma tace waɗanda za su hau hanyar daga waɗanda za su kauce mata. Mintocin da za ka samu, a dajin da ke tsakanin gari da gari za ka same su, kuma ana iya ƙwace maka su a cikin garuruwan da hanya ta ratsa, ko a bakin tolget ɗin kansa, ko a mashigar Kano da ta Katsina. Duk wanda ya yi maka alƙawarin awa kaza bai dubi waɗannan wurare ba, maganar fatar baki ya yi.

Ba kowace hanya mai hannu biyu ce babbar hanyar gudu ba. Ta gasken an katange ta dama da hagu. Ba mai hawa sai ta mashigar da aka gina, ba mai tsallakawa sai ta gada ko ta ƙarƙashi, babu kasuwa a bakinta, babu amalanke, babu garken shanu. Irinta ce Senegal ta buɗe a 2013 daga Dakar zuwa Diamniadio, kimanin kilomita 32, tafiyar da kan kai awa 2 a cikin cunkoso ta koma ƙasa da rabin awa. Abin da muka saba yi a nan daban ne. Mukan ɗauki tsohuwar hanya mu shimfiɗa mata 'yar'uwa a gefe, mu raba su da kankare ko da fili, ta ci gaba da ratsa tsakiyar kowane gari kamar da. Aikin Kano zuwa Katsina da kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya karɓa irin wannan ne. Haka na Kano zuwa Kwangwalam ta Kazaure da Daura, wanda aka ba BUA a tsarin nan na gina hanya a madadin biyan haraji. Dukansu ci gaba ne babba, amma kada mu sa rai da irin sakamakon Dakar daga hanyar da ba a katange ba.

Mu yi lissafi. Tsakanin Kano da Katsina kimanin kilomita 170 ne. Lambar da allurar mota ke nunawa lokacin da ka samu sarari ba ita ke yanke tsawon tafiya ba. Abin da ke yankewa matsakaicin gudun tafiyar ne gaba ɗaya, har da tsayawa da rarrafe. Idan matsakaicin ya tsaya a kilomita 60 a awa, tafiyar awa 2 ce da minti 50. Idan ya hau 80, ta koma awa 2 da minti 8. Ka ga an samu fiye da minti 40. Daga 80 zuwa 100 kuwa minti 25 kawai za a ƙara samu, alhali ƙarfin karo idan an yi haɗari ya ƙaru da fiye da rabi. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ma ta tsayar wa ƙaramar mota 100 a babbar hanyar gudu, bas da tasi 90, tirela da tanka 60. Ribar mai tsoka tana wajen fitar da mota daga rarrafe, abin da ya wuce haka ɗan kaɗan ne, kuma da rai ake biyansa.

Mafi yawan rarrafen nan a bayan babbar mota ake yin sa. A hanya falan ɗaya, tirela guda da ta ɗauko lodi daga Dawanau tana jan jiki ta isa ta tara motoci goma sha a bayanta. Kowane direba ya leƙa ya koma, ya leƙa ya koma, yana jiran hannun masu tahowa ya yi sarari. Hanyar ba ta cika ba, in ka ƙirga motocin ba su kai rabin abin da za ta ɗauka ba, amma kowa na tafiya da gudun wanda ya fi kowa nauyi. Wanda haƙurinsa ya ƙare sai ya fita obatekin a kwana ko a kan tudu, nan ake yin gaba-da-gaba, irin haɗarin da ba kasafai ake fita da rai ba. Hannu biyu yana kashe wannan matsala kusan baki ɗaya. Tirela ta riƙe layin dama, kai ka wuce ta hagu ba ka jefa ranka a hannun mai tahowa ba. Layi ɗaya na hanya mai kyau yana ɗaukar ƙananan motoci wajen 1,800 zuwa 2,000 a awa, motocin da ke bin dajin Tsanyawa zuwa Kankiya kuwa ba su ko kama ƙafar wannan adadi ba.

Akwai kuma ribar da a wurin ɗan kasuwa ta fi mintocin daraja, wato tabbas. Yau idan kana da alƙawari a Kano ƙarfe 10, da mummunar rana kake lissafi, ranar da tanka ta faɗi ta tare hanya ko babbar mota ta mutu a kan gada. Shi ya sa kake fita da an idar da asuba. A hanya mai hannu biyu motar da ta mutu layi ɗaya take ci, sauran su wuce, in kuma akwai janwe a kusa ba za ta daɗe ba. Mutumin da ya san tafiyarsa awa 2 da kwata ce kullum ya fi wanda tasa ke yin awa 2 yau, gobe 4, sanin yadda zai tsara wuninsa.

To, mu shiga gari. Duk wanda ya ratsa Charanchi ranar Lahadi ya san abin da zan faɗa. Tun kafin ka iso kasuwa motocin dabbobi sun jera a kafaɗar hanya, wasu tayarsu ɗaya na kan kwalta. Ana sauke raguna, wani na jan sa da igiya zai tsallaka, san ya toge a tsakiyar titi, mai Keke Napep ya tsaya daidai inda fasinja ya ɗaga hannu, masu tallan rake da ruwan leda na bin gilashin mota. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba, nan ne wurin neman abincinsu tun kafin a yi tunanin tagwaita hanya. Amma ka shimfiɗa layi huɗu a wurin ba ka yi wa kasuwa filin lodi da ajiye motoci ba, layukan gefe za su zama tasha kafin wata ya zagayo, a bar ka da layi ɗaya a kowane hannu kamar da. Mun ga haka a Tafa da Mararrabar Jos a hanyar Abuja zuwa Kano, inda tireloli ke kwana a kan titin da aka yi domin gudu.

Sai batun tsallakawa. Gari ne hanya ta raba biyu, makaranta na wannan hannu, asibiti ko famfon burtsatse na wancan. Da yaro na tsallake falan ɗaya, motoci na tafe a hankali. Yanzu zai tsallake layi huɗu, motoci na tafe da 100. Ranar da aka buge yaro mutanen gari za su fito su jera tudun rage gudu, kuma ba ni da bakin da zan ce musu ba su da gaskiya. Kowane tudu yana cin nasa daƙiƙun, ga tirela ma abin ya fi haka. A jera biyar ko shida a kowane gari daga Bichi har Dandagoro, kaso mai yawa na ribar da muka lissafa ya tafi. Haka wurin juyawa. Manomin da zai yi kilomita uku kafin ya samu inda zai juya ya koma gonarsa da ke tsallaken titi wan-we zai bi, ko a wayi gari an fasa kankaren tsakiya. Maganin duk wannan sananne ne: hanyar kewaye gari, gadar masu ƙafa a inda mutane ke tsallakawa da gaske, mashigar dabbobi ta ƙarƙashi a kan burtali, da 'yar ƙaramar hanya a gefe domin babura da amalanke. Su ake fara yankewa idan kuɗin kwangila ya gaza, alhali su ke riƙe da lokacin tafiyarka da rayukan mutanen gari.

Bakin tolget kuwa lissafinsa a fili yake. Ka dubi masallacin Juma'a bayan an sallame, komai faɗin haraba mutane na fita ne gwargwadon abin da ƙofa ta bari. Mai karɓar kuɗi a hannu, idan ya ƙware kuma babu rigimar canji, yana sallamar mota a daƙiƙa 10 zuwa 12, wato motoci 300 zuwa 360 a awa. Mu ƙaddara, a matsayin misali, da yammacin jajibirin Sallah motoci 900 ke isowa a awa ta hannu ɗaya, kuma taga biyu ce a buɗe, kowace na sallamar 300. Tagogin sun ɗauki 600, ragowar 300 na taruwa. Bayan awa guda wanda ya tsaya a ƙarshen layi zai jira rabin awa, ribar da ya taro tun daga Kano ta kusa ƙarewa a wuri ɗaya. A buɗe taga huɗu, layin ba zai taru ba. Kuma jira ba a hankali yake hawa ba. Muddin masu zuwa ba su kai abin da tagogi ke iya sallama ba, minti ɗaya ne ko biyu. Da zarar sun haura, layi sai ya yi ta tsawo har sai masu zuwa sun ragu da kansu. Saboda haka ba da ranar Talata ake auna yawan tagogi ba, da ranar da ta fi kowace cika ake aunawa.

Wasu na ganin POS ya raba gardama. Yana iya ƙara ta ma. Direba ya miƙa kati, an danna, ana jiran sabis, ya ƙi, an sake, an cire kuɗi takarda ba ta fito ba, musu ya tashi, na baya na ta danna hon. Wannan mota ɗaya ta cinye lokacin motoci biyar. Abin da ke aiki shi ne 'yar sitika da ake mannawa a gilashi, na'ura ta karanta ta cire daga kuɗin da ka riga ka zuba, sanda ta ɗaga ba ka tsaya cak ba. Layi irin wannan yana sallamar motoci fiye da 1,000 a awa. Legas ta sha dogayen layuka a tolget ɗin Lekki bayan an fara karɓar kuɗi a Disambar 2011. Gana kuwa a Nuwambar 2021 ta dakatar da karɓar kuɗin hanya a faɗin ƙasar, kuma cunkoson da tagogin ke haddasawa na cikin dalilan da gwamnatinta ta bayar.

Raɗe-raɗin da ka ji yana da tushe. Manya na tuna tolget a manyan hanyoyin tarayya kafin gwamnatin Obasanjo ta sa a rushe su a ƙarshen 2003, lokacin ana kukan kuɗin na zurarewa ba ya komawa kan hanya. A Agustan 2021, Babatunde Fashola na ministan ayyuka, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da tsarin dawo da su a kan hanyoyi masu hannu biyu, aka ɗauke wa kekuna da babura da Keke Napep biya. A shekarar ne kuma sunan hanyar Kano zuwa Katsina ya fito cikin jerin hanyoyi 12 da aka so a ba kamfanoni su kula da su su riƙa karɓar kuɗi. Misali mafi kusa da za ka auna da shi shi ne hanyar Keffi zuwa Makurdi ta Akwanga da Lafiya, wadda aka yi da bashin bankin Exim na Sin. An fara karɓa a kanta a Fabrairun 2025: ƙaramar mota naira 500, jif 800, ƙaramar bas 1,000, manyan motoci 1,600.

Da zarar an sa kuɗi, kowane direba sai ya yi lissafi a ransa, kuma wannan lissafin ne ke nuna inda cunkoso zai koma. A Disambar 2003 Ingila ta buɗe M6 Toll, hanya mai kimanin kilomita 43 da ta kewaye Birmingham, domin a sauƙaƙa wa tsohuwar M6 da ta cika maƙil. Wanda ya biya ya samu hanya fayau. Sai dai motocin da suka hau ta ba su kai abin da aka yi hasashe ba, yawancin manyan motoci sun guje ta saboda tsada suka zauna a tsohuwar ta kyauta, sauƙin da tsohuwar ta samu kuma bai daɗe ba. Kamfani riba yake nema, farashin da ya fi kawo masa kuɗi ba lalle ne ya zama wanda ya fi rage cunkoso ba. Idan gwamnati ba ta riƙe ikon tsayar da farashi a yarjejeniya ba, ta saki abin da ya fi komai tasiri.

Namu ya sha bamban da nasu ta wata fuska. Su sabuwa aka gina kusa da tsohuwa, kowa na da zaɓi. Mu tsohuwar ce za ta koma ta kuɗi. Mai son kauce mata daga Katsina sai ya bi ta Mashi da Daura ya gangaro ta Kazaure da Ɗambatta, ƙarin kilomita fiye da 30. Ƙaramar mota za ta sha ƙarin lita 3 ko fiye, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ɗaya tak a nan Arewa ta fi naira 500 ɗin da aka fara karɓa a hanyar Makurdi a 2025. Ba wanda zai yi wannan dogon zagaye don gudun tolget.

Gajeren zagaye shi ne abin tsoro. Kilomita ɗaya kafin tolget za a sauka wata hanyar ƙasa, a ratsa ƙauye, a sake hawa kwalta a gaba. Motocin haya za su fara, manya su biyo sawu. Hanyar da aka yi don amalanke da babur ta koma ta Daf, kwalbati ya karye da damina, ƙura ta turnuƙe gidaje da rani, yara na wasa a ƙofar gida mota na gifta su. Wannan ya fi komai damuna a maganar nan, domin mutanen ƙauyen ba su ne suka ci moriyar sabuwar hanya ba, amma su za su biya da lafiyarsu. Inda za a dasa tolget ba ƙaramin hukunci ba ne, a nemi wurin da kewaye shi ke da wuya, kamar kusa da gadar kogi. A kuma sassauta wa tirela farashi ta zauna a kan hanyar da aka gina don nauyinta. Malamin makaranta ko manomin da tolget ya raba gidansa da wurin aikinsa, wanda zai wuce safe da yamma, a yi masa katin wata mai rahusa, in ba haka ba shi zai fara nuna wa baƙi hanyar bayan gari, kuma da hujjarsa.

Sassauci a farashi ne nake nufi, ban da nauyi. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960, inda aka yi ta zagaya manyan motoci a kan kwalta har ta mutu, ya nuna cewa idan nauyin da ke kan aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin dama da na hagu, ya ninka sau biyu, ɓarnar na ninkawa wajen sau 16. Ƙarin kashi 30 cikin 100 a kan nauyin ya kusa ninka ɓarnar sau uku. Ka lura da layin dama na sabuwar hanyar da manyan motoci ke bi da lodi fiye da ƙima. Bayan 'yan damuna kaɗan kwalta ta lotsa ta yi kwari biyu daidai sawun taya, ruwa ya kwanta ciki, daga nan sai rami. Direbobin tirela su gudu su koma layin hagu, kai kuma ka koma bayansu inda ka fito. Tolget ɗin da ba shi da sikelin auna manyan motoci, inda ake sauke lodin da ya wuce ƙa'ida maimakon a karɓi na goro a ɗaga sanda, zai yi ta tara kuɗin gyaran da ba zai taɓa isa ba.

Ko an yi komai daidai a daji, duk motocin nan a Dawanau za su sauka su bi ta Mil Tara da Kurna zuwa Ƙofar Ruwa, a Katsina kuma su shigo ta Dandagoro su nufi Ƙofar Ƙaura. Za su iso da sauri kuma da yawa, titin cikin gari kuwa yana nan yadda yake. Nairobi ta ga haka da ta buɗe babbar hanyarta ta kuɗi mai kilomita 27 a 2022, a kanta ana gudu, a wasu mafita ana layi. Gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura ta sauƙaƙa wa mahaɗar, amma manyan motocin da suka nufi Jibiya da Maraɗi ba su da abin yi a cikin gari, titin zobe ya kamata ya ɗauke su tun daga waje.

Hanya mai sauƙi kuma tana kiran sababbin tafiye-tafiye. Mai zuwa Kano sau ɗaya a mako ya koma sau biyu, mai aiki a Kano ya mayar da iyalinsa Bichi, gidajen mai da shaguna su tsiro a bakin titi. Wasu masana tattalin arziki biyu, Duranton da Turner, sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka tafiyar motoci na ƙaruwa kusan daidai da yawan hanyar da aka ƙara. Ban ɗauki wannan hujjar ƙin gina hanya ba. Ƙarin tafiya ai ƙarin ciniki ne, kuma ba na tsammanin dajin da ke tsakiya zai cika nan kusa. Amma yankin da ke dab da kowane birni zai cika, kamar yadda Mararraba da Nyanya suka cika a mashigar Abuja, sai fa idan tun yanzu an hana kowane shago da gidan mai buɗe tasa ƙofar kai tsaye a kan titi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, idan ya fara ɗaukar hatsi da siminti da taki zai rage wa hanyoyin biyu nauyin da ya fi kashe su.

Idan motar haya kake hawa, Alhaji, ka ɗan rage buri. Agogonka tun daga tasha yake fara aiki, inda za ka zauna jiran Sharon ko Homa ta cika, sabuwar hanya ba ta da iko a kan wannan. Ba ta kuma da iko a kan shingayen bincike, mai bin hanyar Jibiya ya san yadda tsaye-tsaye ke mayar da gajeriyar tafiya doguwa. Kuɗin mota kuwa, naira 1,000 a raba wa fasinja 14 kowa bai kai 100 ba. Ƙungiyar direbobi da taku ta 'yan kasuwa ku zauna ku yi wannan lissafi a fili tun kafin a fara, kada a fake da tolget a ninka wa fasinja abin da aka biya. Shi ma direba yana da riba a taya da birki da shokozoba da man da yake ƙonawa a rarrafe.

Ni ina goyon bayan a biya, amma da sharaɗi. Hanyar da ba ta da kuɗin gyara na kanta mun san ƙarshenta, 'yan shekaru ana yabo, daga nan a koma kewaye ramuka. Kada a karɓi ko kwabo sai an gama aiki daga farko har ƙarshe. A wallafa yarjejeniyar kowa ya ga abin da aka ɗora wa mai karɓar kuɗi: kwana nawa rami zai yi kafin a cike shi, cikin minti nawa janwe da motar asibiti za su iso, da tsawon layin da in an kai shi dole a ɗaga sanda mutane su wuce kyauta. A riƙa bayyana abin da aka tara da inda ya tafi. Afirka ta Kudu ta fara karɓar kuɗi da na'urori na zamani a hanyoyin Johannesburg da Pretoria a Disambar 2013 ba ta samu yardar jama'a ba, mutane da yawa suka ƙi biya, a Afrilun 2024 aka kashe tsarin.

Akwai abin da ƙungiyarku za ta iya farawa tun yau, kuma ba ya cin ko sisi. Ku samu direbobi kaɗan da kuka yarda da su, ku ba su littafi su riƙa rubuta lokacin da suka bar Dandagoro, lokacin da suka wuce Kankiya da Bichi, lokacin da suka isa Dawanau, da lokacin da suka sauke a tasha, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, rani da damina. In an fara karɓar kuɗi a ci gaba da rubutawa. Da wannan littafi za ku je wurin kamfanin ko ofishin ma'aikatar ayyuka ta tarayya a Katsina, ku nuna daidai wurin da mintocin ke salwanta, ku nemi a gyara shi.